Bazarar da Baba Ya Ajiye Tsumagiya

Ranar wata Asabar ce a bazarar shekarar 2003, saura 'yan makonni a yi zaɓe, rana ta take har ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Ina tsaye a bayan wata a-kori-kura da aka ɗaura wa lasifika biyu, mun taso daga Kibiya mun nufo garinmu Fammar, samari sun cika motar maƙil har wasu na lilo a jikin ƙarfe. Shekarata goma sha biyu, ni ne ƙarami a cikinsu, amma ni aka miƙa wa abin magana, saboda Allah ya ba ni murya mai zaƙi da kai mai riƙe kirari. Ina cikin zuba wa ɗan takara kirari, muryata na bi ta kan rumbuna da katangu, sai muka sha kwana wajen tsamiyar bakin gari, na hangi mahaifina. Ya janye amalankensa gefen hanya, shaƙe da takin da zai kai gona, ya riƙe igiyar shanunsa biyu tamau, don ƙarar ta firgita su suna ta ja da baya suna huci. Ya ɗago kai ya dube ni, na dube shi. Da safiyar ranar nan ya ce mini in na sake hawa motar nan sai na gane kurena. Ban sauke abin maganar ba. Na kawar da kai na ɗora daga inda na tsaya, muka wuce muka bar shi yana fama da shanu.

Da la'asar na sha dukan da ya alkawarta mini. A bayan rumbun dawa ya ritsa ni da tsumagiyar tsamiya, ya yi ta zuba mini har hannunsa ya gaji, yana faɗa yana maimaita abu ɗaya: ba na hana ka ba, ba na hana ka ba. Wannan shi ne karo na huɗu a wata guda. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, dukan ya daina shiga ta. Na riga na gano cewa zafin tsumagiya ba ya wuce sallar isha, kuma in ka cije ka ƙirga karan danga a zuciyarka, kafin ka kai ƙarshe an gama. Sai na mayar da duka kamar kuɗin mota: in hau, in dawo, in biya da bayana, gobe in sake hawa. Mutanen unguwa suka sa mini suna mai kunnen ƙashi, ni kuwa har wani daɗi sunan yake yi mini.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, sunana Auwalu, amma a cikin gidan ba na jin sunan sai a bakin ƙannena. Inna, mahaifiyata, tana yi mini kunya irin ta ɗan fari, in za ta aike ni sai ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wancan ya ɗebo ruwa," ko da kuwa ina zaune a gabanta. Kakata Iya, wadda ta haifi Baba, angona take ce mini. Shi kuwa Baba, Malam Haladu, kai ne sunana a wurinsa. Kai, kwance awaki. Kai, ina guga. Kai, ba ka ji an yi kiran salla ba? Ba mugun mutum ba ne, ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, kuma ko a shekarar da damina ta yi gardama bai bari an cire ni daga makaranta ba. Sai dai maganarsa da mu duk umarni ce, daga tsaye yake yin ta, yana tafiya yana jefo ta ta bayan kafaɗa. Haka aka rene shi, haka ya ga ana yi. Aikina kullum sananne ne: in share turken shanu da asuba, in ja ruwa a rijiyar bayan masallaci in cika randuna biyu, in zuba wa awaki harawa, sannan in wanke ƙafa in sa farar riga da shuɗin wando in ruga makaranta. In na yi daidai ba a cewa komai. In na yi kuskure ne kaɗai ake tunawa da ni.

A makaranta kuwa wani mutum ne ni daban. Ina aji shida, muna shirin jarrabawar shiga sakandare. A filin da ke tsakanin ajujuwa da bishiyoyin darbejiya muke buga ƙwallon tsumma da langa in an tashi tara, kuma ko a wasa ni ne mai baki. In yaro ya ci ƙwallo ni zan yi masa kirari nan take, in haɗa sunansa da na kakansa da sana'ar gidansu, yara su yi ta faɗuwa don dariya. Tun shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, lokacin da islamiyyarmu ta cika har ana zama a waje, ni malam yake sa wa in ja baitoci sauran yara su amsa. Ta nan Gambo ya ji ni. Gambo saurayi ne mai gyaran babur a bakin hanya, shi ne jagoran samarin da ke bin motar kamfen a yankinmu, irin waɗanda daga baya aka riƙa kira 'yan jagaliya. Abokina Ɗanlami, wanda muke zama benci ɗaya, shi ya kai ni wurinsa. Ranar farko da na hau motar, Gambo ya karɓi abin magana ya ce, "Jama'a, ga Auwalu na Fammar, ƙaramin tsuntsu mai babban kuka!" Sunana ya fita ta lasifika ya cika kasuwa. Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba. Daga ranar nan na fara tsallake darasin yamma da hedimasta ya shirya wa 'yan aji shida, daga baya har na safen ma.

Washegarin dukan nan na huɗu, da hantsi, ina bayan zana ina gyara igiyar akuya, bayana na raɗaɗi. Baba yana turke yana dama wa shanunsa dusa da kanwa. Shanun huɗa ne guda biyu, Fari da Goje, daga hannun wani Bafillace maƙwabcinmu ya saye su tun suna 'yan maruƙa, shi ya hore su da kansa. Yana shafa wuyan Goje yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana ba shi haƙuri kan firgitar jiya, har yana ce masa sannu, sannu, ba komai, ya wuce. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri a faifai. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Haladu, shanun nan sun fi 'ya'yanka sanin muryarka mai daɗi." Baba ya yi ɗan murmushi ya ce, "Iya, ai dabba ba ta da hankali, sai da lallashi." Ta ce, "To shi mai hankalin da me ake bin sa?" Ta ci gaba da ɓararta, can ta ƙara da cewa, "Ubanka da dorina ya rene ka, Allah ya jiƙansa. Gaya mini rana ɗaya da ka taɓa zama ka faɗa masa abin da ke ranka. Har ya koma ga Allah bai san ka ba. Haka kake so naka ya tashi?" Na leƙa ta ramin zana. Baba ya tsaya cak, hannunsa cikin ƙwaryar dusa, ya daɗe a haka. Babu wanda ya isa ya faɗa masa wannan magana a duniya sai ita.

Da yamma ya zare tsumagiyar daga saman rumbu, ya karya ta biyu ya miƙa wa Inna ya ce ta sa a murhu. Sannan ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, daga gobe in an tashi darasin yamma tare za mu riƙa kai taki gona. Na ɗauka wani sabon horo ne. Gonar tamu tana da 'yar tazara daga gari, tafiyar amalanke ce mai cin lokaci, don shanu ba sa gaggawa. Muka fara. Mu loda taki da shebur, in hau gefe ɗaya ya hau ɗaya, mu kama hanya ta cikin gonakin da aka share aka tara karmami ana jiran ruwan farko. Kwana uku na farko ba abin da ake ji sai kukan ƙafar amalanke. Yakan yi gyaran murya kamar zai yi magana, sai ya fasa. A rana ta huɗu ya ce, "Yaya makarantar?" Na ce lafiya lau. Ya ce madalla. Shi ke nan hirar ranar. Yanzu da na girma nake gane wahalar da ya sha. Mutum ne da ya kusa shekara arba'in bai taɓa hira da yaro ba, ga kunyar ɗan fari, ga ni kuma na toshe kowace ƙofa. Amma kowace rana sai ya zo da wata tambaya, kamar mai haƙar rijiya a kan dutse, yau ya ɗan tsaga, gobe ya dawo.

Ban sauƙaƙa masa ba. A cikin mako na farko sau biyu ina zillewa in bi mota, in bar shi ya loda takin shi kaɗai. Ina dawowa sai in tsaya a zaure ina jiran abin da na saba, ba abin da ke zuwa. Sai ya dube ni ya ce, "Na jira ka," ya wuce masallaci. Wallahi kalmomin nan uku sun fi tsumagiya ciwo, don ban san inda zan ajiye su ba. Wata rana kuma a gona na saki igiya Fari ya taka kan kunyar maƙwabci, Baba ya daka mini tsawa irin ta da, har ya ɗaga hannu. Sai ya tsaya, hannun a sama. Ya yi a'uziyya, ya juya ya tafi gindin ɗorawa ya zauna, ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya dawo sai ya kama igiyar ya nuna mini yadda ake naɗa ta a hannu sau biyu, ya ce in ka riƙe ta haka ba za ta suɓuce ba. A majalisar ƙofar masallaci kuwa an fara magana. Wasu na cewa ɗan Malam Haladu ya fi ƙarfinsa. Ƙanensa, Baffa Sale, ya zo har gida ya ba da shawarar a tura ni Rano wurin wani ɗan'uwa mai zafin hannu ya gyara ni. Ina jin Baba ya ce masa, "Ban gama gwada nawa ba tukuna. In na tura shi, na koya masa cewa na gaji da shi ke nan."

Sannu a hankali ya sauya dabara. Ya daina tambayata abin da zan amsa da kalma ɗaya, ya koma gaya mini abubuwa. Ya bayyana mini dalilin da ya sa muke zuba taki tsibi-tsibi ba a baje ba, don kada rana ta cinye ƙarfinsa kafin ruwa ya sauka. Ya nuna mini inda gonar kakansa ta tsaya, da kukar da aka yi iyaka da ita. Rannan ya ce in duba tafiyar Goje, ko na ga yana ɗingishi, don shi idonsa bai tabbatar ba. Na sauka na duba na ce ƙafar baya ta hagu ce, muka ɗaga muka sami ƙaya. Ya ce, "Ka fi ni ido." Ban taɓa jin ya yabe ni ba sai ranar, na rasa inda zan sa fuskata. A hanyar dawowa na tsinko mana ɗorawa, muna tafe muna shan garinta bakinmu duk ya yi rawaya, sai ya ce, "Abin nan da kake faɗa a lasifika, wa yake rubuta maka?" Na ce ba kowa, ni nake haɗawa. Ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce in yi masa ya ji. Da farko na ƙi, ya ce shi da shanu ne kawai, ba mai ji. Na fara a hankali, har na saki jiki na kai ƙarshe. Sai ya ce, "Ashe kai ne kake haɗawa." Muka ɗan taɓa tafiya. Ya ce, "Shi wanda kake yaba ɗin, ka taɓa ganin sa?" Na ce sai a hoto. Ya ce, "To me kake samu a can da babu a gida? Faɗa mini gaskiya, ba abin da zan yi maka." Na daɗe ina kallon wutsiyar Fari. Ban shirya amsar ba, ita ta fito da kanta. Na ce, "Suna kiran sunana." Ya kora shanu muka shiga gari.

Kwana biyu bayan haka, da muka sauke taki, bai juya amalanke ba. Ya ce mu zauna. Muka zauna a gindin ɗorawa, shi a kan saiwa ni a ƙasa, sai ya sauko ya zauna a ƙasan shi ma. Ya ce ba muryata yake ƙi ba, baiwa ce, kuma ba siyasa yake ƙi ba, shi ma zai je ya jefa ƙuri'arsa. Abin da yake tsoro shi ne abin da ke ƙarƙashin buhunan da muke takawa a bayan motar, da jan idon yaran Gambo in sun dawo da yamma. Sannan ya janye wuyan rigarsa ya nuna mini wani tabo a kafaɗarsa, wanda duk rayuwata na ɗauka ƙahon sa ne ya yi masa. Ya ce a siyasar farar hula ta baya, kafin soja su karɓa, yana saurayi, shi ma ya bi irin wannan mota. Wata rana suka yi karo da motar 'yan wata jam'iyya a hanyar Rano, ba wanda ya san abin da ya haɗa faɗan. Aka sare shi a kafaɗa, shi kuma ya kai wa wani saurayi gora a fuska, idon saurayin ɗaya bai sake gani ba. Ya ce, "Ban san shi ba, bai san ni ba. Waɗanda muka yi dominsu sun shirya tuntuni, har sun haɗa zuri'a. Shi kuwa yana nan yana sayar da igiya a kasuwar Rano. Na je na nemi gafararsa ya yafe mini, amma har yau in na hango shi sai in sauya layi." Ya ce ko Inna ba ta san wannan labari ba. Ya ce da ya gan ni a kan motar nan, ba ni yake gani ba, kansa yake gani, shi ya sa hannunsa yake yin nauyi. A ranar na fara ganin mahaifina a matsayin mutumin da ya taɓa zama yaro.

Ana saura kwana kaɗan zaɓe aka shirya babban gangami a Rano. Gambo ya aiko Ɗanlami ya gaya mini cewa a ranar a gaban ɗan takara da kansa zan yi kirari, a kan dandamali, kuma an ɗinka mini riga. Duk Fammar ta san da maganar, Baba ma ya sani. Ranar gangamin da safe, bayan na cika randuna, ya kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, ya nuna mini gefensa. Ya ce, "Ba zan kulle ka ba, ba zan sa a tsare ka ba. Na gaya maka abin da na sani da abin da nake tsoro. Ni dai ba na so ka je." Ya miƙe ya ɗauki hularsa, har ya kai ƙofa sai ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, "Auwalu, ina gona in ka neme ni." Ya fita da sauri kamar wanda ya yi abin kunya.

Zan so in ce ban hau motar ba, amma na hau. Da ta tsaya a bakin tsamiya Gambo ya kira ni ta lasifika, ƙafafuna suka kai ni. Sai dai wannan karon idona a buɗe yake. Na sa ƙafa na ɗan ture buhun da ke ƙarƙashina, na ga kawunan gorori da ƙotar adda. Na ga wata kwalba tana zagayawa hannu zuwa hannu. Kafin mu kai Kibiya Gambo ya miƙo mini wata 'yar ƙwaya a tafin hannunsa, ya ce in haɗiye, tana buɗe murya, kuma ba zan ji tsoron taro ba. Na karɓa na riƙe a hannu. Aka ba ni abin magana, na buɗe baki, kirarin da na kwana ina haɗawa ya ƙi fitowa daidai, ina yi ina tuno mai sayar da igiya, mutumin da ban taɓa gani ba. Da muka tsaya a Kibiya shan mai, na ce wa Gambo zan kama ruwa. Na zaga bayan wani shago, na yar da ƙwayar, na tsaya a nan ina jin suna danna oda suna kiran sunana ta lasifika, sau uku, sau huɗu. Zuciyata sai ja na take in fita. Na dafe bango na ce ba zan fita ba. Can na ji motar ta tashi.

A ƙafa na koma, cikin ranar nan, takalmina na roba yana ƙona mini tafin ƙafa. Ban bi ta gida ba, gona na nufa kai tsaye. Tun daga nesa na hango shi yana sauke taki shi kaɗai. Ya ɗago ya gan ni, ya tsaya ya dogara da shebur, sannan ya ci gaba da aikinsa har na iso. Bai ce ai na gaya maka ba, bai tambaye ni daga ina ba. Ya miƙo mini gorar ruwa ya ce, "Sha a hankali." Da na sha na huta, ni da kaina na kwashe komai na gaya masa, har da ƙwayar. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Saukar ta fi ƙin hawan wuya. Allah ya yi maka albarka." Sai ya miƙo mini ɗaya shebur ɗin.

Ba wani abin tashin hankali da ya faru a Rano a ranar. Ɗanlami ya dawo da sabuwar riga da hula, ya yi mako yana yi mini dariya yana kira na ɗan Baba. Gambo ya zo har ƙofar gidanmu washegari yana huci. Baba ya shigar da shi zaure, ya sa aka kawo masa ruwa, ya gaishe shi kamar babban baƙo, sannan ya ce masa yaron nan jarrabawa gare shi, kuma yaron da bakinsa ya ce ya bari, yana roƙon a ƙyale shi. Gambo ya zo da shirin faɗa bai sami abokin yi ba, ya sha ruwansa ya tafi. Bayan zaɓe motar ta ɓace da lasifikarta. Ɗanlami bai zauna jarrabawa ba, ya bi su Gambo birni, sai bayan shekaru ya dawo ya kama noma, muna gaisawa har yau. Ni na ci, aka tura ni sakandare a Rano. Kafin in tafi, Baba ya je wurin hedimasta da kansa ya ce masa yaron nan yana haɗa baitoci, ko akwai inda za a yi amfani da su. Ranar bikin sallamar 'yan aji shida aka sa ni na karanta waɗanda na rubuta a kan damina da manoma. Yana can baya a tsaye, kusa da inda ake jingine kekuna.

Ba zan ce ya zama wani mutum daban ba. Har tsufansa yana da faɗa, kuma ƙannena sun sha tsawarsa. Amma in magana mai nauyi ce, sai ya kira yaro gefe inda ba idon mutane, ya zauna, ya faɗi abu ɗaya tak da dalilinsa, sannan ya yi shiru ya jira. Jiran nan shi ne abin da ya fi ba shi wuya, shi ne kuma bai taɓa fasawa ba. In ƙannensa sun kawo ƙarar 'ya'yansu yakan ce musu, "Magana ba jifa ba ce, miƙawa ake yi hannu da hannu."

Yau shekara shida ke nan da rasuwarsa. Ina koyarwa a wata makaranta a Kano, ina da 'ya'ya uku a gidan haya mai ɗaki biyu. Na karanta abubuwa da yawa a kan tarbiyya waɗanda shi bai taɓa jin labarinsu ba, amma sau da yawa nakan kama kaina ina ba da umarni daga kan kujera, idona a kan waya. Kwanakin baya na yi wa babbar 'yata Nana faɗa cewa ina magana ba ta ji, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Abba, tun jiya nake son in gaya maka wani abu." Na kife wayar, na ce ta zo ta zauna. Ashe wata yarinya ce take tsangwamar ta a aji, har ta fara tsoron zuwa makaranta, ni kuwa ina gida ɗaya da ita ban sani ba. A zamaninmu aiki ɗaya ne yake haɗa uba da ɗa wuni guda, ko ba su so sai sun saba da numfashin juna. Yanzu kowa da inda yake wuni, mu dawo a gajiye, lokacin da za a zauna ɗin sai an ƙwato shi da ƙarfi. Na ƙudura zan riƙa ƙwato shi, ko sau nawa zan kasa in sake. Da yana raye, da na je Fammar na tambaye shi inda ya samo haƙurin nan.